Kifewa da Buɗewa

Talata, ƙarfe goma saura kwata,
hawa na biyu, sashen gashin ƙashi a Sheffield.
Ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Sati bakwai ke nan da ƙanƙara ta ɗana mini tarko
a ƙofar garejin bas,
na tare ƙasa da hannun dama,
ƙashi ya ce ƙaras, ni na ce innalillahi.

An cire filasta. Abin da ya fito
ban gane shi ba: siriri, furu-furu, yana saɓa,
kamar rogon da aka manta a gindin buhu.

Gillian Thackray ta jawo kujera.
Ta ce in manna gwiwar hannu a haƙarƙari
don kada kafaɗa ta yi mini satar amsa.
"Juya tafin ya kalli rufi."
Na juya. Ya cije a rabin hanya
kamar ƙyauren da damina ta kumbura.

Sufineshan, in ji ta, sunan wannan juyin.
In tafin ya kalli ƙasa kuwa, furoneshan.
Na maimaita, harshena na tuntuɓe,
a zuci na raɗa musu nawa suna:
buɗewa da kifewa.

Ta ɗauko ƙasusuwan roba daga kan kanta.
Ashe biyu ne tsakanin gwiwa da wuyan hannu.
In tafi na sama, a jere suke kamar layin dogo.
In ka kife, na ɓangaren babban yatsa
sai ya haura ɗan'uwansa, ya gitta,
su zama almakashi,
ɗayan kuwa yana nan, ko gezau.

Shekara ashirin da uku ina ɗaure noti,
ina murɗa sukundireba a ƙarƙashin bas mai hawa biyu,
ban taɓa sanin a jikina
ƙashi na tsallaka ƙashi sau dubu a yini ba,
babu sallama, babu faɗa.

Ta ɗora ma'auni irin na lissafin firamare.
Talatin da biyar.
Lafiyayye, ta ce, yana kai tamanin.
Ta rubuta. Na ji kamar an karanto makina a gaban aji.

Sai da ya tafi na san inda yake aiki.
Makullin gida ya ƙi ni.
Mai shagon kwanarmu ya miƙo canji,
sulalla suka gangara ta gefen tafina
suka bi ƙarƙashin firij, yara na dariya.
Wajen alwala ruwa ba ya zama.
Bayan sallah na ɗaga hannu,
hagu ya buɗe sosai, dama ya karkace,
na ce: Ya Rabbi, in za ka zuba, zuba a hankali,
kwanon nan ɓari guda a jirkice yake.

Aikin gida: guduma.
In riƙe ƙotar a tsaye, in bar kan ya rinjaya
dama, hagu, dama,
har zafi ya ce ya isa, in ƙara kaɗan.
Autata Zulai ke ƙirgawa a teburin kicin,
tana cinye rabin lambobin
don ta koma kan zanenta.

Arba'in da biyu. Hamsin.
Sati guda ya tsaya cak a hamsin,
ban yi wa kowa magana a bas ba.
Sittin da ɗaya.

Jiya da daddare Zulai ta ce, "Baba, buɗe."
Ta aza ƙwayar gyaɗa guda a tsakiyar tafina.
Muka zuba mata ido mu biyu.
Ta ɗan yi rawa, ta nufi gefe,
ta fasa.
Ta zauna.

Zulai ta ɗauke ta jefa a baki,
ta ce saura goma sha tara.